Shekarar da Na Kira Yayarku da Sunanta

Ku yaran nan kun daɗe kuna ba da labarin nan a karkace. Duk sallar da kuka taru a tsakar gidan nan sai wani ya ɗauko shi, wannan ya ce ruɗewa na yi, waccan ta ce bakina ne ya suɓuce. Autanku kuwa, da ko wando bai fara sawa ba a lokacin, shi ya fi kowa zaƙewa, har da kwaikwayon muryata. Ina jin ku nake ƙyale ku, don ba na musu da wanda na wanke wa kashi. Amma yanzu ido ya fara gajiya, keken ɗinkin ma na bar wa jikoki, na ga gara in zauna in rubuta abin nan yadda ya faru tun ina da sauran numfashi. Bakina bai suɓuce ba. Da gangan na yi, kuma sai da na daɗe ina shiri.

Bari in fara da abin da ba ku tashi kun tarar da ƙarfinsa ba. Mu mutanen Toranke ne, gidanmu kuma gidan Fulani ne, ko da yake shanun sun ƙare tun zamanin kakanmu, gona ce ta rage mana da fulako. A gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Da an yaye shi kuma kakarsa za ta ɗauke, shi ke nan ya zama nata. Ni kaina 'yar fari ce, a ɗakin kakata na girma, Inna da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ga ni ban mutu ba. To da na haifi yayarku, abin da aka yi mini shi na yi. Ranar yaye Inna ta zo nan Ajingi ta goya ta ta tafi da ita Toranke, ni kuwa na shige ɗaki na hau tankaɗe, garin yana jiƙewa ta gefe guda ina rufewa da busasshe. Yarinya ta tashi tana ce wa kakarta Inna, ni kuma tana ce mini Adda, yadda ta ji ƙannena suna kirana. Ku da kuka biyo baya ku kuka zo da Umma.

Da yayarku ta isa shiga sakandare ta dawo gidan nan, muka zauna ni da ita kamar baƙi biyu da suka haɗu a gidan suna. In zan aike ta sai in ce, ke, ko in ce wa ɗayanku ya je ya gaya wa yayarku. Akwai shekarar da zazzaɓi ya kwantar da ita har ba ta gane mutane. Ni na dama kunun, ni na jiƙa tsumman da aka ɗora mata a goshi, amma a hannun maƙwabciya na ba da aka shiga da su. Na wuni a bayan ƙyaure ina sauraren numfashinta har ƙafata ta sage, ban shiga ba. Ita abin da ta sani shi ne kowa ya zo duba ta ban da Adda. Ban taɓa tunanin tana ajiye irin waɗannan abubuwa a ranta ba, don ni a ganina kowa ya san haka ake yi.

Shekarar da nake ba ku labari, ta riga ta yi aure a nan cikin gari, ba ta kai ga haihuwa ba. Mijinta yana fataucin shanu zuwa Kurmi, harka ta buɗe masa a can har ya kama gida, aka tsayar da magana cewa kafin azumi zai zo ya ɗauke ta. A wannan kakar, bayan an cire gyaɗa hannu ya ɗan huta, Malama Asabe ta zo da zancen wasan kwaikwayo. Ma'aikaciyar jinya ce 'yar Gaya, ta yi ritaya amma ta kasa zaman gida. Ta ce ta gaji da yi wa mata wa'azi suna gyangyaɗi, gara a nuna musu su gani da idonsu. Ƙungiya ce ta mata zalla, mata ke wasa mata ke kallo, a cikin gidaje da rana tsaka, kuma tun farko ta gaya mana aikin sa kai ne, Allah ne zai biya. Ni ban shiga don wasa ba, Allah ya kiyaye, da girmana. Na shiga ne don ɗinki da ɗaukar tabarmi da cika randa. Ni na ɗinka farar rigar nas, ni na haɗa cikin ƙarya da tsohon matashi da igiya, ni na yi gemun auduga.

Ba mu da takarda, don rabinmu ba su iya karatun boko ba. Malama takan faɗi labarin da baki, kowa ta san inda za ta shiga da inda za ta fita, maganar kuwa daga ka ake zubo ta. Sannan akwai doka guda wadda Tabawa ta jawo mana. Kun san Tabawa mai ƙosai, Allah ya ji ƙanta. A wasanmu na farko an sa mata suna Hajiya Binta, aka zo gaban mutane ana ta rafka kira, Hajiya Binta, Hajiya Binta, ita kuwa tana zaune tana tauna goro tana waige-waige, can sai ta ce da ƙarfi:

"Wai wace ce Bintan nan da ake ta kira ta ƙi amsawa? Ba tarbiyya!"

Daga ranar Malama ta ce an daina sunan aro, kowa da sunan da aka yanka mata rago za ta fito. Tabawa kuma aka mayar da ita namiji, ita ke sa babbar rigar marigayi mijinta da gemun audugar nan tana fitowa a maigida, don shi maigida ba a kiran sunansa balle ta manta.

Wasan da aka shirya a wannan shekara a kan yarinya ne mai cikin fari da ta dawo gidansu goyon ciki. Naƙuda ta kama ta, kunya ta hana ta faɗa, ta yi ta cije baki har ta suma. Uwarta ta shigo ta same ta a kwance, ta kira ta, ta kira ta, ba amsa, ta kurma ihu, a nemo mota, a kai ta asibiti, sannan nas ta fito ta yi bayanin da aka tara mutane dominsa. Ranar gwajin masu fitowa aka taru a ajin Islamiyyar unguwarmu bayan la'asar, mata cike har taga. Malama ba ta da wani dogon sharaɗi, sai ta ce wa mace ta yi kukan wadda akuyarta ta ɓata, ko ta kira ɗanta daga bayan gari. Tabawa ta yi kukan akuya har da majina, muna ta tafi, ashe akuyarta ce ta ɓata da gaske a satin. Uwa kuwa ba a sha wahalar zaɓe ba, Ladidi matar mai faci ta cinye, don ita in ta kira ɗanta a Ajingi sai masu tafiya Gaya su waiwayo.

Da aka zo kan mai cikin, 'yan mata da amare suka yi ta birgima suna wayyo Allah, Malama tana girgiza kai tana cewa wannan ai duk unguwa ta ji, ina ɓoyon yake. Sai yayarku ta tashi. Ban ma san ta zo da niyyar gwadawa ba. Ta ɗaura matashin, ta zauna a bakin tabarma, ba ta ce uffan ba. Hannunta kawai ya damƙe gefen tabarmar har jijiyoyi suka tashi, fuskarta kuwa lumui. Malama ta yi kamar mai wucewa ta ce sannu, ta ɗago ta yi murmushi ta ce yauwa, sannan ta mayar da kai ta cije leɓe. Tabawa ce ta fara magana:

"Ke 'yar nan, ko ɓari ba ki taɓa yi ba, ina kika koyi haɗiye ciwo haka?"

Ta yi dariya tana kwance igiyar, ta ce:

"Goggo Tabawa, wanda ba shi da wurin kai kuka ai dole ya iya haɗiya."

Ba ta dube ni ba. Aka yi dariya aka wuce, amma ni ina can baya ina dajiyar mayafi, allura ta shige mini yatsa ban ji ba sai da na ga jini a ƙyallen mutane.

Haka aka shiga gwaji, yau a yi gobe a huta. Ina zaune a lunguna ina ɗinki, Ladidi tana durƙusawa a kan 'yata tana rungume ta tana kwarara mata kira da sunanta, sunan da ni na yi naƙudarsa. Wallahi haushin Ladidi na riƙa ji, baiwar Allah ba ta yi mini komai ba. Ana cikin haka, an riga an sa ranar da za a fara nuna wasan, kuma a Toranke, don ungozomar can ce ta fara roƙo, sai 'yar Ladidi ta haihu a Wudil, ta tattara ta tafi wankan jego. Malama ta dafe kai. Aka gwada mace biyu, ɗaya in ta zo kuka sai dariya ta ƙwace mata, ɗaya kuma muryarta ba ta wuce hancinta. Sai Tabawa, Allah ya yafe mata, ta nuna ni da haɓa.

"Ga mai ɗinki can. Ta fi mu haddace wasan nan, kullum ina kallon bakinta yana motsi."

Na ce su rufa mini asiri. Malama ta san al'adarmu sarai, ta matso ta ce ba sai na kira suna ba, in ce ke, in ce yarinya, ai mutane za su gane. Na duba na ga in na ƙi wasan ya rushe, ga wahalar mata ta tafi a banza, sai na ajiye allura na tashi. Yayarku ta kwanta ta juya fuska bango. Na shigo, na tsaya daga nesa, na ce, ke, ke yarinya, tashi mana, da irin muryar da ake korar akuya daga shanya. Mata suka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Malama ta manta da wa take magana, ta ce:

"Haba baiwar Allah, 'yarki ce fa take mutuwa!"

Dariyar ta ɗauke ɗif, don kowa ya tuna 'yar tawa ce da gaske. Yayarku ta tashi zaune, ta gyara matashin cikinta, ta ce a hankali, ba fushi ba komai:

"A bar ta, Malama. Haka ma ya yi. Ni na saba."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na dawo gida na hau keke na yi ta taka shi ba ƙyalle a ƙarƙashin allura. Babanku yana tsakar gida yana ɗinke bakin buhunan gyaɗa, ya saurara ya saurara, sannan ya leƙo.

"Yau kuma wa ya taɓo ki? Keken nan fa ba shi ya yi miki laifi ba."

Na gaya masa duka, har da maganar wurin kai kuka. Kun san babanku, ba ya gaggawar magana, sai da ya gama zare igiyar hannunsa tukuna.

"Ni ba na shiga tsakaninki da al'adar gidanku, da ita na same ki. Amma Kurmi ba Toranke ba ce da za a ce gobe a leƙa. Abin da yarinyar nan ta tafi da shi a ranta, da shi za ta zauna."

"To Malam, Inna fa?"

"Inna za ta yi fushi, wannan ba tantama. Ke za ki auna wanda za ki iya ɗauka."

Na auna. Ban ce al'adarmu banza ce ba, kuma har gobe ba zan ce ba. Ita ta koya mana kawaici, ita ta sa ɗan fari yake zama na dangi duka. Amma ni da na tashi a cikinta, kowace 'yar fari a unguwarmu haka ake yi mata, ba wadda ta ga an ware ta. Yayarku kuwa ta zauna a gidan nan tana ji ina kiran ku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku, ina goya wannan ina tsokanar wancan, ƙawayenta na makaranta iyayensu suna zuwa ziyara suna rungume su. Abin da ni na ɗauka girmamawa ce, ita ƙi ta gani. Na ce a raina ba za ta hau motar Kurmi da wannan ba. Ba zan iya tare ta a ɗaki in ce ina sonki ba, wannan ko za a yanka ni. Amma ga wasa Allah ya kawo, wanda a cikinsa dokar Malama ce ma a kira mutum da sunansa.

Sai dai harshena bai san sunan ba. Kada ku yi dariya, gaskiya nake gaya muku. Na fara gwadawa ni kaɗai a ɗaki, ya tsaya mini a maƙogwaro kamar loma ba miya. Dabarar da na yi, sai in taka keke da ƙarfi, ƙararsa ta cika ɗakin, ni kuma in faɗi sunan a ciki yadda ko ni ba na ji sosai. Kullum haka, ina rage gudun keken kaɗan kaɗan, har ranar da na faɗe shi keken yana tsaye. A wurin gwaji kuwa ban canza komai ba, ke yarinya nake cewa, sai dai na ɗan matso kusa. Malama ta haƙura ta ce a haka za a tafi. Ban gaya wa kowa ba, har babanku.

Ranar wasa muka hau a-kori-kura da tabarminmu da 'yar tsanar da za ta zama jariri, muka nufi Toranke. A gidan mai unguwa aka shirya, aka kori maza zaure, mata suka cika tsakar gida har gindin rumbu. Rabinsu dangina ne, goggonnina da matan kawunnaina da waɗanda muka yi tashe tare. Kafin a fara na je na durƙusa na gai da Inna. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce:

"An ce ke ma kin shiga 'yan wasa. Da girmanki."

"Aikin lada ne, Inna."

"To. A dai riƙe mutunci."

Ta ɗauko 'yar tabarmarta da carbinta ta zo ta zauna a sahun gaba, don jikarta za ta fito. Aka fara. Tabawa ta shigo da gemu tana kaɗa babbar riga tana faɗan an cika gishiri a miya, mata suna faɗuwa don dariya. Yayarku ta yi nata, ta damƙe tabarma tana murmushi, na ji tsofaffi suna cewa, wallahi haka muka yi, haka muka yi. Sannan ta sulale ta kwanta ta juya fuska bango. Ni ina bayan zana. Malama ta taɓa ni ta ce shiga.

Na shiga. Da na gan ta kwance a haka, ban ga matashi ba, ban ga taro ba, yarinyar nan na gani ta shekarar zazzaɓi, wadda na tsaya mata a bayan ƙyaure. Wannan karon ba ƙyaure. Na taka har inda take, na durƙusa, na ɗora hannuna a goshinta, rabon da in taɓa goshin nan tun tana shan nono. Na san Inna tana bayana, ina jin ƙarar carbinta. Na buɗe baki na ce:

"Saratu."

Carbin ya tsaya. Wata daga cikin goggonnina ta ce subhanallahi. Na ɗago kanta na ɗora a cinyata, na sake kira, wannan karon da dukan muryar da Allah ya ba ni:

"Saratu! Saratu, 'yata, ki tashi!"

To a tsarin wasa ba za ta motsa ba sai an kai ta asibiti, nan ne duk darasin yake, an yi gwajinsa ba adadi. Sai na ji ta motsa. Ta buɗe ido, ta dube ni, hawaye yana gangara mata cikin kunne, mai suma ta buɗe baki ta ce:

"Na'am, Umma."

Ba ta taɓa ce mini Umma ba sai ranar. Na rungume ta da matashin da komai, muka yi ta kuka, kukan da ba ya cikin labarin Malama. Mata suka rasa ko wasa ne ko gaske, waɗanda suka san mu suna toshe baki, waɗanda ba su san mu ba suna cewa kai, matar nan ta iya. Tabawa ta tsaya da gemunta ya karkace, ta dube mu ta dubi taro, ta gyara murya irin ta maza ta ce:

"To alhamdu lillahi, ta farfaɗo. A sallami mai motar nan kafin ya ce a biya shi!"

Gidan ya ɗauka da dariya. Malama ta faɗo da farar rigarta tana cewa a'a, a'a, maigida, ko ta farfaɗo sai an kai ta asibiti, ta ɗora bayaninta daga nan, aka fito da 'yar tsana aka rangaɗa guɗa. Wasa dai ya tashi lafiya, har aka ce ya fi na gwaji daɗi. Da na ɗago kai na duba sahun gaba, wurin Inna ba kowa, ta naɗe tabarmarta ta tafi.

Na biya kuɗin abin da na saya, kada ku ɗauka a banza na samu. Na bi Inna gida a ranar, ta ce tana lazimi. Na aika mata da tuwo da man shanu daga Ajingi, kwanon ya dawo yadda ya tafi. In na je gaishe ta sai ta amsa da lafiya kawai, ta juya tana magana da kaji. Dangi suka sa mini suna mai kiran suna, har yara suna faɗa a bayana. Bikin 'yar ƙanena da aka yi a wannan rani, ni ce babba, ni ya kamata in jagoranci kai gara, sai ji na yi an ba wata. Ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba, na yi kuka a kan keken nan ba sau ɗaya ba. Amma ko sau ɗaya ban ce da na sani ba.

Mun kai wasan har ƙauyen Balan, mun kai shi wasu ƙauyuka kafin azumi, ko'ina ina kiran sunan. Malama ta roƙi yayarku don girman Allah ta daina amsawa, ta yi alkawari, kuma ta cika, sai dai ni da kanta yake cinyata ina ganin leɓenta yana motsi. A gida kuwa na koma ke ɗina, harshen da ya tsufa a hanya ɗaya ba ya sauya ta a kaka guda. Ita ma ba ta nemi ƙari ba. Amma ta fara shigowa ɗakina ba sallamar baƙo, ta zauna a bakin gado tana cire mini zare, har ta ci abinci a kwanona. Ranar tafiyarta na raka ta tasha da ƙafata, ranar kasuwa ce, a gaban kowa, ta shiga mota tana dariya tana share ido.

Inna kuwa sai da damina ta zagayo aka sake cire gyaɗa. Na je Toranke na same ta tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗaki, na gaishe ta na ja faifai na zauna ina taya ta, ba ta hana ba. Can, ba tare da ta dube ni ba, ta ce:

"Wannan shirmen naku na wasa. Yara kawai ake ɗauka, ko har tsofaffi?"

Na ce:

"Har tsofaffi, Inna. Gwaji kawai ake zuwa."

Ta watsa ɓawo gefe ta ce:

"Uhm. Tambaya dai na yi."

Ba ta zo gwaji ba, kuma har Allah ya karɓi abarsa ba ta kira sunana ba. Amma ranar ta tura mini kwanon furarta ta ce in sha, na sha. Ni 'yar fari ce, na san abin da aka ce mini.

To kun ji yadda aka yi. Ƙungiyar tana nan, jikokin Tabawa ne ma suke riƙe da ita yanzu, gemun dai har yau nawa suke sawa. Yayarku ta yi 'ya'ya a Kurmi ta aurar, furfura ta fara fito mata, kuma har gobe in muna waya ke nake ce mata. Ku da kuke cewa in ta kira ni ina korar ku daga ɗaki in rufe ƙofa, kuna zargin wata dukiya muke ƙullawa, ga abin da ake yi. Mukan gaisa, ta ba ni labarin yara da tsadar kaya, in ba ta labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu. In za mu rabu sai ta ce:

"Umma, an daɗe ba a yi gwaji ba."

Sai in leƙa in tabbata ba kowa a bakin ƙofa, in gyara zama, in kira ta. Ita kuma, da yake Malama Asabe ba ta nan balle ta hana, sai ta amsa.